Taku Goma Na Ƙarshe

Makon nan layi ya zo kaina, kuma labarin wani wasa na kawo muku, wanda ni da abokaina muka ɗauki shekaru muna yi tsakanin Jega da Aliero da Maiyama.

Bari mu fara da kwatance. Duk wanda ya taɓa tambayar hanya a ƙasarmu ya san yadda muke yi. Ka sauka tashar Jega ka tambayi gidan wane, za a ce ka miƙe har ka ga gidan mai, ka saki kwalta ka bi hannun dama, in ka ga dogon yaron da ake sayar da rake a gindinsa ka tambayi kowane yaro. A ƙauye kuwa sai a ce daga kukar nan mai rassa biyu ka bi burtali, ka bar tafki a hagu. Kwatancen yana aiki, domin matambayi ba ya ɓata. Cikas ɗinsa guda ne: alamomin da ya dogara da su suna mutuwa. Ana sare kuka, masu gawayi na cinye kirya da marke, tafki na cikewa da yashi, gidan mai na sauya fenti da suna. Tsohon da ya riƙe duk wannan a kansa shi ma wata rana za a wayi gari babu shi.

Ni dai shinkafa ce ta fara haɗa ni da na'urar GPS. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, daga nan awon gona ya zama abin yi ga samari irina da suka gama karatu suna zaman jira. Mai ba da iri da taki yana son ya san girman gona kafin ya saki kayansa. Aka ba mu wata 'yar kwamfutar tafin hannu, ta fi waya kauri, an naɗe ta da roba saboda faɗuwa, da ɗan tsinken da ake taɓa fuskarta da shi. Ka tsaya a kusurwar gona ka danna, ka bi iyaka da ƙafa har ka dawo inda ka fara, sai ta faɗa maka ko hekta nawa ce. Hekta ɗaya ita ce fili mai mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance. Na sha ganin manomin da ya yi shekara talatin yana cewa gonarsa hekta biyu ce, na'ura ta ce ɗaya da kwata, ya dube ni ya dubi na'urar kamar mun haɗa baki.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne tana aiki a fadamar da waya ba ta da ko ɗigon sabis. Dalili kuwa saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Akwai taurarin ɗan adam na Amurka, aƙalla 24, suna shawagi kimanin kilomita 20,000 a samanmu, kowane yana zagaya duniya sau biyu a rana, yana ta shelar inda yake da kuma ƙarfe nawa ne a agogonsa. Na'urar tana auna jinkirin da saƙon kowane tauraro ya yi kafin ya iso gare ta, ta gane nisansa. In ta ji huɗu, ta san inda kake. Sai ta ba ka lamba biyu: nisanka arewa daga layin da ya raba duniya biyu, da nisanka gabas daga layin da ya ratsa ta birnin Landan. Jega da Aliero da Maiyama duk 12 da ɗoriya ne arewa, 4 da ɗoriya gabas. Bambancin yana cikin ɗoriyar. Digiri ɗaya wajen kilomita 111 ne, don haka lamba ta biyu bayan ɗigo ta fi kilomita ɗaya, ta huɗu mita 11, ta biyar kuwa dogon taku ɗaya. Ka kuskure lamba guda wajen kwafa, sai ka tsinci kanka a wani ƙauye.

Ba mu kaɗai muke yawo da irin wannan ba a shekarun nan. Ma'aikatan rigakafin shan inna ma an riƙa ba su wayoyi masu nuna inda suka taka, kuma ta haka rugage da tungaye masu yawa da ba sa kan taswira suka samu shiga. A watan Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, kuma sanin inda kowane gida yake na cikin abin da ya taimaka.

Da aikin awo ya ƙare na mayar da na'urar, amma ta riga ta shiga raina, sai na tara kuɗi na sayi wata ta gwanjo a Sakkwato. Ina neman bayanin yadda ake sarrafa ta a intanet na ci karo da wani wasa da Turawa ke ce wa jiyokashin. Asalinsa da ban sha'awa. Kafin shekarar 2000 gwamnatin Amurka da gangan take gurɓata saƙon taurarin ga farar hula, ta yadda na'ura za ta iya kuskurewa da wajen mita 100. A farkon watan Mayun 2000 shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. Ranar 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer a jihar Oregon ya ce bari ya gwada ya gani. Ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba littattafai da kasakasan bidiyo da 'yan kuɗi da danƙon harbin tsuntsu da gwangwanin wake, ya ajiye a daji, ya wallafa lambobin wurin. Cikin 'yan kwanaki aka gano bokitin. Dokarsa ita ce har yau ake bi: ka ɗauki abu, ka bar abu, ka sa hannu a littafi. A 2003 kamfanin Garmin ya fitar da iQue 3600, 'yar kwamfutar aljihu mai GPS a jikinta, masu wasan suka huta da yawo da takardu, tunda lamba da bayani da taswira duk suna wuri ɗaya. Yau akwai irin wannan ajiya sama da miliyan 3 a duniya. Da na duba taswirarsu na ga Turai da Amurka sun yi baƙi ƙirin da ɗige-ɗige, wajenmu kuwa fayau.

Sai na ce to mu ma mu yi namu. Muka haɗu mu biyar: ni, ƙanena, ɗalibai biyu na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da wani abokina ɗan kabu-kabu wanda ya san kowane lungu daga Alelu har Andarai. Muka raɗa wa wasan suna ɓoyon lamba.

Tun kafin mu ajiye komai kawuna ya ji ƙishin-ƙishin, ya aika a kira ni. Ya ce, "Ɗana, ka san abin da mutane ka cewa in sun ga saurayi bayan gari yana turbuɗe gwangwani? Ba su cewa wasa na. Cewa za su yi asiri na, ko kuwa ɗan saƙon ɓarayin daji na." Na ce, "Kawu, littafi ne kawai da fensir." Ya ce, "Kai kas san haka. Wanda yag gane ka daga nesa bai sani ba."

Maganar nan ita ta gina mana wasan. Shi Bature yana ɓoye ajiyarsa ne kada masu wucewa su sani, har yana lallaɓawa kamar ɓarawo in zai ɗauko ta. A ƙasar da ake zaman ɗar-ɗar, inda baƙo mai riƙe da na'ura yana dube-dube zai iya jawo wa kansa taron jama'a kafin ya buɗe baki, wannan ba zai yiwu ba. Ga kuma tsoron manomi cewa duk mai auna ƙasa ƙwace ta ya zo yi. Muka je gaban mai garin da muke son farawa, a gefen Aliero, muka zube muka ce, "Ranka shi daɗe, ga abin da ke tafe da mu." Ya juya robar, ya buɗe littafin, ya ce, "In abin kirki na, mi za a ɓoye ma mutane? Ku ba mai gona ajiya."

Haka dokokinmu suka fito. Ba a binnewa. Roba mai gani-har-hanji ake sawa, kowa ya ga abin da ke ciki, da bayani da Hausa a jikin murfi, da boko da ajami. Ba a sa abinci saboda tururuwa, ana naɗe littafi a leda biyu saboda gara, fensir ake sawa domin biro na bushewa a zafin bazara. Ba a kusantar makaranta ko maƙabarta ko ofishin jami'an tsaro. Ba a fita sai da rana, ba a yin nisa da gari. Mai gari ya sani, mai wurin ya sani. Kuma duk wanda ya gano ajiya, bayan ya sa kwanan wata, sai ya nemi mai wurin ya gaishe shi, ya rubuta abu ɗaya da ya koya daga bakinsa.

Ƙanena ne ya yi ajiyar farko, ya turo mana lambobi biyu kawai. Washegari muka hau babura muka kama hanyar Sakkwato. Wanda ya san Aliero a ƙarshen rani ya san ƙamshin da ke tarbar mutum tun daga kwalta, ga albasa tsibi-tsibi, ga rudu jere a gonaki inda ake adana ta a jira farashi ya tashi. Na kunna na'ura, ta ɗauki wajen minti biyu tana laluben taurari, sannan kibiya ta fito: kilomita 1.8. Muka saki kwalta. Mita 600. Muka jingine babura muka taka. Mita 90, mita 40, mita 12. Daga nan sai kibiyar ta rikice. Ka yi gabas ta ce yamma, ka tsaya ta yi ta juyi kamar akuyar da aka ɗaure. Irin tawa ba ta gane inda ka fuskanta sai kana tafiya, kuma ko mai kyau ce, kuskuren mita uku zuwa goma ba abin mamaki ba ne, musamman a ƙarƙashin itace ko a jikin bango. Na'urar wanda ya ajiye tana da nata kuskuren, ta mai nema tana da nata, su haɗu su ba ka fili kamar tsakar gida.

Mai gonar yana zaune a inuwar rudu yana yanke ganyen albasa, yana kallonmu muna kai da kawowa. Da ya gaji da dariya ya ce, "Abin naku ya ƙare maganatai? To ku sa shi aljihu ku buɗe idanunku." Abokina ɗan kabu-kabu ne ya lura da wani ƙullin karan dawa a ƙafar rudu wanda igiyarsa ta fi sauran sabunta. A ciki robar take. A shafin farko na littafin muka rubuta abin da dattijon ya gaya mana: albasar da aka cika wa taki da ruwa daf da cira ita ce ke fara ruɓewa a rudu, kuma guda ɗaya in ta lalace sai ta ja maƙwabtanta, shi ya sa yake juya su yana tsincewa. Tun ranar muka san rabon aiki. Tafiyar kilomita ta na'ura ce, taku goma na ƙarshe kuma na ido ne da bakin mutane.

Ajiyarmu ta uku tana fadamar Jega, a kogon wata giyayya kusa da gulbin Zamfara, a hannun wani masunci. Littafinta ya fi kowane cika, don masuncin ba ya gajiya da labari: sunayen kifaye, wane ne ke hawowa da sabon ruwa, wane gurbi ne ba a shiga. Ambaliyar daminar 2020, wadda ta cinye shinkafar Kebbi mai ɗimbin yawa, ta tafi da giyayyar da robar gaba ɗaya. Da ruwa ya janye muka bi lambar. Ta kai mu daidai, mita biyu, tsakiyar wani sabon tudun yashi da babu ko ciyawa. Lambar na nan daram, wurin ne ya tafi. Da ba mu ɗauki hoton wasu shafukan ba, da labarin masuncin ya bi ruwa. Daga nan muka ƙara doka: duk wata uku a kwafe littafi.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu kuwa a ƙasar Maiyama ya faru, kuma babu roba a cikinsa.

Mahaifiyata an haife ta a wata tunga da yanzu ta zama kufai. Tana 'yar ƙarama mutanen suka tashi suka koma bakin hanya, wurin ya zama gonaki. Duk rayuwata ina jin tana ambaton rijiyar tungar da tsamiyar ƙofar gidansu, amma ba ta taɓa komawa ba, kuma ta ce ko an kai ta ba za ta gane ba. Mutum ɗaya ya rage da ya san wurin, ƙanin kakata, wanda idonsa ya fara rauni. Akwai wasan jika da kaka tsakaninmu, don haka da na je masa da maganar sai ya ce, "Kai da ka yawo da madubin boka, mi za ka yi da tsoho?" Na ce, "Kaka, madubin ne ya ce shi bai san hanya ba, sai an haɗa shi da wanda ya fi shi tsufa." Ya ce a kawo babur.

Bayan girbi ne, gonaki sun yi fili. Muka ajiye babur muka taka, yana dogara sanda, yana tsayawa yana duban gabas da yamma. Ni abin da nake gani kunya-kunya ne da karan gero, ko'ina iri ɗaya. Shi kuwa gari yake gani. Ya daki wani kututture da sanda ya ce, "Wanga da kaka gani, tsamiya ta. Mu munka sha inuwatta." Ya ƙirga taku daga nan, ya tsaya a wani ɗan kwari da ƙasarsa ta fi ta kewaye duhu, ya ce nan ce rijiyar. Ya nuna inda maƙera suka zauna, muka tona da ƙafa sai ga kashin ƙarfe. Ya nuna masussuka, da fagen da ake dambe bayan kaka, da iyakar gonar mahaifinsu. Kowane wuri na tsaya minti ɗaya na bar na'ura ta natsu, na danna. Ya leƙo ya ce, "Abin naka ya san sunanta?" Na ce, "Bai sani ba, Kaka, lamba kawai ya sani." Ya ce, "To hwaɗa mai." Sai na riƙa rubuta suna a kan kowace lamba, yana faɗa ina bugawa da tsinke. Wuri goma sha ɗaya muka yi kafin rana ta yi zafi. Da na dawo gida na kwafe su a takarda, lamba da suna da abin da ya ce, na ba ƙanena kwafi ɗaya.

Bai ga damina biyu bayan nan ba, Allah ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa Inna da kanta ta ce a kai ta. Muka nemi izinin mai gonar yanzu, ya ce bismilla, har ya biyo mu. Kututturen babu shi, an tone an yi itace. Ƙanena na gaba da na'ura yana karanto mita, muna biye, har ta ce saura huɗu, kibiya ta fara juyinta. Ya ce, "Inna, iyakar saninta ke nan." Ta tsaya ta daɗe tana dube-dube. Sai ta bar mu ta yi 'yan taku arewa, ta duƙa ta share ƙasa da hannu. Bakin dutsen niƙa ne, rabinsa a binne, tsakiyarsa ta lotsa saboda aiki. Mai gonar ya ce shekara da shekaru garma na karo da shi bai san na mene ne ba. Inna ta ce a nan kakarta ke niƙa, ɗakin yana bayanta, rijiya na hannun hagu. Ta zauna a kunya ta ɗora hannu a kan dutsen. Muka ja gefe muka ba ta wuri.

Kun lura ban faɗi sunan tungar ba, ban kuma ba ku lamba ko ɗaya ba. Da gangan ne. Abin da zai kai ɗan uwa ƙofar gida shi ne zai kai mugu. Mu a tsakaninmu kawai lambobin ke yawo, kuma ba ma ɗaukar lambar gidan kowa ko garke ko rumbu. Ku sani kuma, waya in an bar mata damar sanin wuri a kyamara, tana ɗinke lambar inda aka ɗauki hoto a jikin hoton, mai tura shi bai sani ba. Yana da kyau kowa ya duba tasa.

Wanda ke sha'awar gwadawa ba sai ya sayi irin tawa ba. Wayar Android da ke hannunka ita ma kwamfutar tafin hannu ce mai GPS. Ka sauke manhajar da ke nuna lambobi da taswirar da ke aiki ba data, ka tafi da abin caji don rana da GPS na shan batir. Ka tsaya a sarari, ka ba ta minti ɗaya ko biyu, ka ɗauki lamba sau uku ka ga ko sun yi kusa da juna. Ku daidaita tsari ɗaya da abokanka, domin akwai mai rubuta digiri da ɗigo, akwai mai raba shi zuwa mintoci, kuma haɗa su na jefa mutum nesa. Waya tana aiki da ma'aunin duniya da ake kira WGS 84, tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa da ma'aunin Minna aka zana su, don haka lambar tsohuwar takardar fili ba lallai ta faɗa daidai a waya ba. Kada kuma wani ya ɗauki lambar waya ya je yana jayayyar iyaka da ita. Mita biyar a gona ta isa ta raba zumunci, wannan aikin masu safiyo ne da dattawa.

In kuma za ku ji shawarata, kafin ku sayi roba ku fara da tsohon gidanku. Kowane gida akwai mai kufai a kansa: tsohuwar kasuwa, ƙofar ganuwar da ta rushe, marinar da aka cike, mashayar da ta ƙafe. Ku ɗauke shi a babur tun ƙafarsa na iya taka ƙasa, ku bar shi ya nuna, ku danna, ku rubuta sunan yadda ya faɗe shi da irin Hausarsa.

Mu dai bayan girbin bana Gimbana muka nufa, garin Malam Abdussalami, wanda ɗansa Buhari ya kafa Jega. Mun ji akwai dattawan da har yanzu ke iya nuna inda tsohon garin ya tsaya. Za mu fara aikawa a nemi izinin mai gari. Wanda ke kusa kuma yana da babur da haƙurin zama gaban tsofaffi, ya yi mini magana.

Naku, daga Jega.